Zaɓen Fitila Abin Dogaro Ga Masu Tuƙa Kwalekwale Da Dare



Gabatarwa

A watan Yunin 2023, jirgin da ya ɗauko 'yan biki ya kife cikin dare a Kogin Neja kusa da Patigi, mutane fiye da 100 suka rasu. A Oktoban 2024 aka sake yin irin wannan rashi a Gbajibo ta ƙaramar hukumar Mokwa, shi ma da dare. Lodi fiye da ƙima yana cikin musabbabi, amma duhu ne yake hana matuƙi ganin haɗari, ya kuma hana masu ceto ganin wanda ruwa ya ɗauka. Shi ya sa hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana jigilar fasinja da dare, kuma wannan takarda tana goyon bayan hanin. Sai dai masunci a Yawuri ko Tafkin Chadi yana zuba koma da magariba, ya koma dubawa kafin asuba. Fitilarsa ce batunmu.

Aiki biyu, fitila biyu

Matuƙi yana buƙatar ya gani, yana kuma buƙatar a gan shi, kuma na biyun ne aka fi sakaci da shi. Kwalekwale ba ya ƙara, bakinsa dab da ruwa yake, mai jirgin inji kuwa ba ya jin ihun kowa saboda rugugin injinsa. Dokokin hana karon jirage na duniya na 1972 sun ce jirgin da ake tuƙawa da filafili ya kasance da tocila ko fitila mai farin haske a kusa, a haska ta tun da sauran lokaci. Wannan shi ne mafi ƙaranci. Abin da ya fi shi ne farar fitila a kan sanda a bayan matuƙi, sama da kansa, wadda ake hangowa ta kowace kusurwa.

Fitila ta biyu ita ce ta goshi, domin hannuwa biyu suna kan filafili. Da ita ake duba kututturen itatuwan da ruwa ya binne tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, da igiyar koma, da kan dorina.

Abin dubawa a kasuwa

Na farko, jure ruwa. A nemi alamar IPX7 a jikinta: tana nufin fitilar za ta iya yin minti 30 a zurfin mita 1 ba ta mutu ba. IPX4 fantsama kawai take jurewa. A buɗe murfin batir a ga ko akwai zoben roba. Idan babu, raɓar dare ma za ta sa tsatsa ta ci ƙarfen ciki.

Na biyu, daɗewar caji. Fitila mai matsakaicin haske da ke kaiwa asuba ta fi mai tsananin haske da ke dushewa kafin tsakar dare. A gwada ta a gida dare guda cur kafin a shiga ruwa da ita.

Na uku, jan haske. Ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farin haske kuwa nan take yake ɓata wannan sabo. Ja ya ishe ka ɗaura ƙugiya ko cire kifi, kuma ƙwari ba sa taruwa masa sosai. A lokacin hazo, haske mai ƙarfi dawowa yake yi ido, sai a rage shi a karkatar ƙasa.

Acibalbal iska na kashe ta, kuma ita da fitilar ƙwai gobara ce kusa da jarkar fetur. Tocilar waya ba ta kai nesa, tana kuma cinye cajin da za a nemi agaji da shi. Araha ba ta ado.

Shawarwari

Kowace fitila a ɗaure ta da igiya, a ajiye wata ta ko-ta-kwana cikin leda da batir sabo. Ƙungiyoyin masunta su riƙa sayen nagartattu a dunƙule, su kafa wurin caji na sola a mashigi. Sarakunan Ruwa su sa doka: ba fitila, ba rigar kariya, ba shiga ruwa bayan magariba. Masu rabon rigunan kariya kuma su haɗa da fitila da usur.

Kammalawa

Kuɗin fitila mai kyau kaɗan ne idan aka gwada da kuɗin koma da na jirgi, balle ran magidanci. Ina roƙon kowane Sarkin Ruwa ya fara duba fitilun mashiginsa a wannan mako. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya tsare na raye.