Layin Dogo Ɗaya, Kamfanoni Da Yawa: Wa Zai Yi Rabo?

An nemi in yi magana a kan sufurin jirgin ƙasa, ni kuwa na zaɓi tambaya guda: idan kamfanonin fasinja da yawa suna son bin layin dogo ɗaya, wa zai raba masu lokaci?

Mota tana iya kaucewa ta wuce 'yar'uwarta a kan titi. Jirgin ƙasa kuwa ba ya wuce na gabansa sai inda aka yi wurin ratsewa, kuma sigina ba ta barin jirage biyu su shiga yanki ɗaya na layi a lokaci guda. Saboda haka jiragen da layi zai ɗauka a cikin awa ɗaya ƙididdigaggu ne. Bugu da ƙari, idan mai tsayawa a kowace tasha ya shiga gaba, dole mai gudu ya jira. Ga shi kowane kamfani jirgin safe da na yamma yake so, domin a nan kuɗi yake.

Bari mu duba yadda Birtaniya ta yi. Dokar shekarar 1993 ta raba mai layi da masu jirage. Layin ya koma hannun Railtrack, daga baya a 2002 Network Rail ta karɓa. Ita ce aka ɗora wa tsara jadawalin tafiya, amma izinin hawa layi aka sa shi a hannun wata hukuma dabam mai zaman kanta, wadda aka fi sani da ORR. Ta haka ne, a layin da ya tashi daga Landan zuwa Edinbara, aka bar ƙananan kamfanoni suka shigo da jarinsu: Hull Trains a 2000, Grand Central a 2007, sai Lumo a 2021. Suka riƙa gogayya da babban kamfanin layin, wanda tun 2018 na gwamnati ne, watau LNER.

Hukumar ta dogara a kan tambayoyi biyu. Ta farko, akwai gurbi a layin, ko kuwa ƙarin jirgi zai jawo wa kowa latti? Ta biyu, sababbin fasinjoji kamfanin zai kawo, ko na wasu zai kwashe kawai? Ma'aunin da ta kafa shi ne, a kan kowace fam 100 da zai janye daga tsofaffin kamfanoni, ya samar da aƙalla fam 30 na sabon ciniki. Ba kuma kowa ne ya dace ba. Alal misali, a watan Yuli na 2025 ta ƙi amincewa da buƙatun kamfanoni uku, har da Virgin, a layin yamma, saboda cunkoso.

Darasin a nan shi ne, mai jirgi ba ya zama alƙalin rabo. Wanda duk ya taɓa zama a tashar mota ya san rikicin da ake yi in mai rubuta layin lodi yana da tasa motar a ciki.

Me ya shafe mu? Tun 1955 Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ce mai layi kuma mai jirgi. Amma a watan Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki, aka ba jihohi damar shiga harkar dogo. Ina ganin watarana kamfani fiye da ɗaya zai nemi jirgin safe daga Kaduna zuwa Abuja. In ba a tanadi alƙali da ƙa'ida a rubuce ba, mai uwa a gindin murhu ne zai samu, fasinja ya biya. Tun ran gini ran zane. Lauyoyi da injiniyoyin da ke cikinmu, wannan aiki naku ne.