Mai Gadin Folda da Jan Wasali



Duk wanda ya taɓa tura hoto alhali datarsa na gab da ƙarewa ya san abin da ya tara mu. Hoton waya mai megafiksel 12, in an bar shi ɗanye, nauyinsa MB 36 ne. Tsarin JPEG, wanda ya fito a 1992, shi ke mayar da shi MB uku ko huɗu. Yakan yanyanka hoton gida-gida, ɗigo takwas a tsaye takwas a kwance, ya bi da shi ta lissafin da Nasir Ahmed da abokan aikinsa biyu suka wallafa a 1974, ya zubar da abin da ido ba zai yi cigiyarsa ba. Abin da aka zubar kuwa ya tafi ke nan.

Matse hoto ɗaya da hannu ba aiki ba ne. In sun kai dubu sai a ɗauki mai gadi. A Linux sunansa inotify, yana nan tun 2005. A Mac kuma Folder Actions. Da sabon fayil ya faɗo folda sai ya kira manhaja irin ImageMagick ta rage masa nauyi, kai kana can kana shan shayi.

Sai dai mai gadin nan ba ya tambaya. In ka ce ya kama fayil da zarar ya leƙo, zai damƙe shi tun ana cikin kwafa, ka samu rabi hoto rabi toka. Ce masa ya jira a gama rubutawa a rufe. Kuskure na biyu ni da kaina na tafka shi: na sa ana ajiye matsattsen hoton wani biki a foldar da ake gadi. Mai gadi ya gan shi, ya ɗauka baƙo ne, ya sake matsewa, ya sake gani. Kafin gari ya waye fuskokin 'yan biki sun koma kamar zanen gawayi da ruwa ya taɓa.

Na biki da sauƙi. Masu ɗaukar hoton tsofaffin rubuce-rubuce, irin waɗanda ke Arewa House a Kaduna, da ku nake. Ido ya fi kula da haske da duhu a kan launi, shi ya sa matsewa ta fi cin launi. To, ku tuna Alƙur'ani rubutun hannu na Barno ko Kano: baƙi da baƙar tawada, wasali da ja, hamza da rawaya. Siririn jan nan shi ke fara dusashewa, ya malala gefen harafi. A rubutun ajami kuma ɗigo kaɗai ke raba harafin ba da na nun.

Yanzu folda biyu gare ni. Ta farko asali ne, TIFF, mai gadi karantawa kawai yake yi, ba shi da ikon gogewa ko canjawa. Ta biyu nan yake zuba ƙananan da zan tura wa ɗalibai ta WhatsApp, wanda shi ma sai ya ƙara matse su in ban tura su a matsayin fayil ba.