Hasashen Farashi da Littafin Hisabi: Abin da Ya Faru da Biogen

Ba zan ɓata muku lokaci da bayanin yadda samarinmu suka duƙufa ga sayen hannun jarin kamfanonin Amurka ta wayar hannu ba, domin kowa a zauren nan ya sani, kuma ya san cewa kamfanonin da ke haɗa sababbin magunguna daga ƙwayoyin halitta suna cikin waɗanda ke ɗaukar hankalinsu.

Mas'alar da na daɗe ina saɓani a kanta da wasu abokan aikina ita ce, suna fara karantar da ɗalibi hasashen manazarta, wato farashin da ake zaton hannun jari zai kai nan da wata 12, alhali littafin hisabin kamfani, wanda shi ne hujjar da ke hannu, kuma hukumar kasuwar hannun jari ta Amurka ta wajabta a fitar da shi kowane wata uku kowa ya karanta kyauta, sai a jinkirta shi zuwa ƙarshen zango. Wannan gabatar da zato ne a kan yaƙini.

Ku dubi Biogen. A watan Maris na 2019 kamfanin ya dakatar da gwaje-gwaje biyu na maganinsa na cutar mantuwa da ake kira Alzheimer, sai hannun jarinsa ya faɗi da kusan kashi 30 cikin ɗari a yini guda; a watan Oktoba ya ce ya sake duba alƙalumansa ya ga alamar fa'ida; a Nuwamban 2020 kwamitin masana na hukumar magunguna ta Amurka ya ce hujjar ba ta gamsar ba; amma duk da haka ranar 7 ga Yuni, 2021 hukumar ta ba da izini, aka raɗa wa maganin suna Aduhelm, aka yanka masa dala 56,000 a shekara, hannun jarin kuwa ya hau da kimanin kashi 38 kafin faɗuwar rana. Manazarta suka ɗauki adadin masu cutar a Amurka, waɗanda suka haura miliyan 6, suka riɓanya wani kaso nasu da wannan farashi, suka fitar da ciniki na biliyoyin daloli, ba tare da sun tsaya sun tambayi wane ne zai biya ba, alhali galibin majinyatan tsofaffi ne da inshorar gwamnati ta Medicare ke ɗauke da nauyinsu. Cinikin Aduhelm a 2021 duka dala miliyan 3 ne. A watan Disamba aka rage farashin zuwa dala 28,200, a Afrilun 2022 Medicare ta ce ba za ta biya ba sai ga wanda ke cikin gwaji, a Janairun 2024 kamfanin ya saki maganin baki ɗaya.

Abin lura shi ne Biogen bai rushe ba, domin yana da wasu magunguna da suka kawo masa kusan dala biliyan 11 a 2021, kuma wannan a rubuce yake ga duk mai buɗe littafi. Ƙaramin kamfani mai magani ɗaya tak a gwaji ba shi da wannan madogara. Hasarar da ake gani a takardarsa ba ita ce aibin ba, tunda ƙa'idar akantocin Amurka tun 1974 ita ce a lissafa kuɗin bincike cikin abin da aka kashe a shekararsa. Abin dubawa shi ne tsabar kuɗin da ke hannu: a raba ta da abin da yake ƙonawa a shekara, sai a san tsawon numfashinsa, domin idan ta ƙare zai fitar da sababbin hannayen jari ne, rabon wanda ya riga ya saya ya ragu ko da maganin ya yi nasara.

Za a ce mini darajar irin waɗannan kamfanoni tana cikin gobe ne, a kawo mini misalin kamfanin Moderna. Na ji. Amma wanda ya sayi hannun jarinsa a Agustan 2021, lokacin da ake ta yabonsa, ya ga fiye da rabin dukiyarsa ya zube.

Saboda haka ina kira ga jami'o'inmu su sa bayanin shige da ficen kuɗi a farkon manhaja, kafin duk wani darasin ƙiyasin farashi. Dillalai kuma, duk lokacin da suka nuna wa mai saye hasashe, su nuna masa tsabar kuɗin kamfanin da yadda adadin hannayen jarinsa ya ƙaru cikin shekara 5. Kuma kada a ranta wa kowa kuɗi don sayen irin wannan haja, domin da yawanku kuna nan a 2008 lokacin da bashin banki na sayen hannun jari ya cinye gidaje da shaguna a ƙasar nan.