Gidan Gyaran Hali Ba Wurin Jefar Da Yaro Ba Ne

Jawabin da Editan wannan jarida ya yi wa ɗaliban Yaƙi da Jahilci a Kafin Hausa

Iyayena da 'yan'uwana, maganata a yau kan yaranmu ne da ake tsarewa a gidajen gyaran hali na gwamnati.

Gidajen nan iri-iri ne. Akwai inda ake ajiye yaro kafin kotu ta yanke hukunci, kamar na Goron Dutse a Kano. Akwai makarantun gyaran hali na jiha, kamar ta Ƙiru da kuma tamu ta nan Kafin Hausa. Sannan akwai na Gwamnatin Tarayya da ake kira Bosta, a Kaduna da Ilorin da Abeokuta, waɗanda dokar 1962 ta tanada domin 'yan shekara 16 zuwa 21.

A da, in an ce an kama yaro, sai mu ce satar akuya ce ko yankan aljihu ranar kasuwa. Yanzu ƙwaya ta shigo. Abin ya kai a 2018 gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Wani yaron ma bai taɓa ganin alƙali ba, ubansa ne ya gaji ya miƙa shi.

To, ina ake miƙa shi? A 2019 'yan sanda sun fito da mutane fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, har da yara, wasunsu da sasari a ƙafa. Duka ba ya raba yaro da ƙwaya.

Jihar Jigawa ta samu dokar kare yara a 2021. Amma doka ba ta zuwa ziyara, sai uwa da uba. In an tsare ɗanka, je ka ga jami'in jin daɗin jama'a. Ka halarci zaman kotu. Ka tambaya ko ana koya masa karatu da sana'a. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba ka san abin da ke cikinta ba. Amfanin ajin nan ke nan.

Ranar da ya dawo kuma, kada a riƙa kiransa ɓarawo. A ba shi 'yar gona a fadama, ko a kai shi wurin tela, a kuma kawo mana shi aji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuri'a. Wassalam.