Yaro Ma Yana da Damuwa

 Yau za mu ɗan taɓa ilimin sanin halayyar ɗan Adam, wato ilimin da ke duba abin da mutum ke ji a ransa da dalilin da ya sa yake yin abin da yake yi. Ɓangaren yara za mu ɗauka, kuma maganar tsoro za mu yi.

A Gayam da sauran ƙauyukan Birnin Gwari akwai yaran da suka buɗe ido da ƙarar bindiga da gudun dare. An yi sulhu a 2024, har Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari a watan Nuwamba na shekarar. To amma abin da yaro ya gani ba ya goguwa don an buɗe kasuwa.

Ga yadda abin yake. In mutum ya ji haɗari, zuciyarsa kan buga da sauri, jiki ya ɗaura shirin gudu. In hakan ya yi ta maimaituwa, sai jikin ya saba, ko an samu lafiya ya ƙi sakewa. Shi ya sa za ki ga yaron da ya daina fitsarin kwance ya koma yi, ko yana firgita cikin barci, ko ya ji babur ya ruga ɗaka, ko ya liƙe wa zanenki. Wani kuma ciwon ciki zai yi ta kuka da shi. Uwargida, wannan ba iskanci ba ne, kuma duka ƙara shi yake yi.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wata masaniya, Anna Freud, ta kula da yara a Landan ana ruwan bama-bamai. Ita da abokiyar aikinta sun rubuta a 1943 cewa rabuwa da uwa ta fi bam ɗin tayar wa ƙananan yara hankali, kuma yaro kan ɗauki tsoro ko natsuwa daga uwarsa. Kin ga ashe rabin maganin yana hannunki.

Ki fara da koya masa sunan abin da yake ji: tsoro, fushi, baƙin ciki, murna. Ki ce, "Ka ji tsoro ko? Zo nan, ina tare da kai." Ban da "namiji ba ya kuka." In kin ga suna wasan 'yan bindiga da karan dawa, ki zauna kusa ki saurara, da wasa yaro ke fitar da abin da bakinsa ya kasa faɗa. Lokacin abinci, Islamiyya, addu'ar barci da tatsuniya, su riƙa zuwa kan ƙa'ida, domin sanin abin da zai biyo baya na kwantar masa da rai. Hirar wanda aka kashe ko aka sace kuwa, a bari sai yara ba sa wurin.

In an wuce wata guda abin bai ragu ba, a kai shi asibiti, in ta kama a tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, Kaduna. Zuwa can ba ya nufin ɗanki ya haukace.

Allah ya raya mana su, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.