Bakin Shagonka da Mai Keken Guragu



Ɗan'uwa, dubi bakin shagonka. Kwata ce da matakala, mai keken guragu sai dai ya tsaya cikin rana yana kira. Tun 2006 dokar Ghana mai lamba 715 ta ce a gyara wuraren jama'a domin naƙasassu.

Lifta tsada gare ta, kuma da an ɗauke wuta ta tsaya. Gara ka zuba gangaren siminti. Duk tudun taku ɗaya, gangaren ya kai taku 12, don kada keke ya kife. Faɗinsa kamar mita ɗaya, a karce simintin saboda santsin damina.

Yau kana tafiya da ƙafarka, amma faɗuwar babur da tunkuyin sa ba sa sallama. Allah ya kiyaye.