Bayan an sallami majinyaci

A kawo wanda ya raunata kansa da gangan Asibitin Maitama da ke Abuja, a ɗinke rauni, a sallame shi, 'yan uwa su yi hamdala. Haɗarin kuwa bai kau ba.

Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya bibiyi irin waɗannan majinyata fiye da 30,000 a Oxford, Manchester da Derby na Ingila. Mutuwarsu ta ninka ta sauran jama'a fiye da sau uku, kuma har da ciwon zuciya cikin abin da ke kashe su.

A Abuja, sashe na 231 na dokar Penal Code ya tanadi ɗaurin da ka iya kai shekara guda kan yunƙurin kashe kai. Tsoron hukunci da abin kunya ke sa iyali su rufa asiri, majinyaci ya ƙi komawa wurin likitan ƙwaƙwalwa.